Sai Inna Ta Fita Takaba

A garinmu, can arewa da Makoda, idan dabbar wani ta ɓata ta faɗo gonarka, ba a korarta ta ƙara gaba. Kamawa ake yi a kai gida a ɗaure, a ba ta ruwa da harawa, a je a shaida wa mai unguwa, sannan a yi ta cigiya a masallaci da kasuwa har mai ita ya bayyana. Haka muka taso muka tarar. Abin da Babanmu ya yi ke nan, ba ƙari ba ragi, kuma shi ne ya kai shi gidan yari.

Wata safiya a farkon damina ya je duba gyaɗarsa, ya tarar da bijiman huɗa guda biyu a tsakiyar gonar, da guntayen igiya a hancinsu, sun tattake kunyoyi sun yi ta'asa. Da wani ne da ya cika gari da zage-zage. Shi kuwa sai ya kira maƙwabcin gonarmu, wani dattijo daga unguwar masu coci wanda suka daɗe suna aron garma a tsakaninsu, suka koro su gida tare. Ya ɗaure su a turken da babu komai tun da ya sayar da namu, ya wuce gidan mai unguwa ya faɗa. Ranar Juma'a aka yi cigiya bayan salla. Kowa a garin ya san bijiman nan suna gidanmu, har yara na zuwa leƙensu.

Ni ce 'yar fari. A lokacin ina gidan mijina a Bacirawa, ina ɗinki. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni, saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "ke". Shi ma Baba ba ta kama sunansa, Malam take ce masa. Ranar da aka kira ni a waya aka miƙa mata wayar, cewa kawai ta yi, "Ke, an tafi da Malam."

'Yan sanda ne suka zo da mota, tare da mai bijiman daga wani gari mai nisa. Ashe sace su aka yi daga turkensa, ɓarayin suka ga asiri zai tonu suka sake su a hanya. To an bi sawu, an zo an same su a ɗaure a gidan Baba. Mai unguwa ya tafi ta'aziyya ranar. Baba bai yi gardama ba. Da ƙafarsa ya shiga motar, har yana ce wa Inna kada ta damu, zai yi musu bayani ya dawo kafin la'asar.

Ya yi damina biyu bai dawo ba.

Wanda bai taɓa bin ɗan uwansa zuwa kotu ba, ba zai gane abin da zan faɗa ba. Ni a tunanina kotu wuri ne da ake tambaya a ba da amsa. A zaman farko alƙali ya ce laifin satar shanu babba ne, ba zai ba da beli ba, a kai shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Shi ke nan. Ko bakinsa Baba bai buɗe ba. Daga ranar muka shiga sintiri. Duk ranar zama zan rufe keken ɗinki in hau mota, ƙanena ya taho daga gida a babur da mai unguwa a baya, dattijon nan maƙwabcinmu kuwa ya biyo su a kekensa, da hularsa ta zuwa coci. Su biyun a shirye suke su rantse, wannan da Alƙur'ani, wancan da Littafinsu. Ba a taɓa kiran ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mai gabatar da ƙara, wato lauyan da ke tsaya wa gwamnati, mutum ne mai tsabta, mai magana a hankali. Idan aka kira shari'ar Baba sai ya miƙe ya gyara kwat, ya ce ba a kammala bincike ba. Ko ya ce fayil bai dawo ba. Ko ya ce mai bijiman bai samu zuwa ba. Yo ina zai zo? An ba shi shanunsa tun makon farko, ya koma garinsu yana ta huɗarsa! Sai alƙali ya duba kalanda ya ɗage. Wani lokaci ma ba a kawo Baba ba, a ce motar gidan yari ba mai. Mu juyo da kwanon tuwon da Inna ta ɗauro, mu ci a gindin bishiya, don kada mu mai da mata shi ta gani.

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Wata rana zuciyata ta kawo wuya, na tare mutumin a harabar kotu yana shirin shiga motarsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, don girman Allah, ga shaidu nan biyu, tsofaffi, sun gaji da zarya. Ka kira su mana ka ji."

Ya dube ni da ladabi ya ce, "Hajiya, wace shari'a ce?"

Na faɗa masa. Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Wanne ne a cikinsu? Mai gemun nan?"

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Shekara guda yana miƙewa a kan mutum, bai san fuskarsa ba. Na ce abin da na ce, ban tuna duka ba, na dai san ƙanena ne ya janye ni. Shi ko a jikinsa. Ya ce aikinsa yake yi, ya rufe ƙofar mota.

A bazarar da ta biyo damina ta biyu, wani sabon alƙali ya gaji da jin "ba a kammala ba". Ya ce tunda masu ƙara sun kasa kawo shaida, ya kori ƙarar, a saki wanda ake tuhuma. Muka ruɗe da kabbara. Baba yana tsaye a cikin akwatin nan na katako, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, sai ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an gane ke nan ban sata ba?"

Alƙali ya riga ya jawo wani fayil. Maga-takarda ne ya ce, "Baba, an ce ka tafi gida."

"Na ji. Amma an gane?"

"Baba, ka fito, akwai masu jira."

Mu murna ta hana mu lura da nauyin tambayar. Sai da muka koma gida muka gane. An yi ta zuwa barka, tsakar gida ta cika da takalma, ba wanda ya faɗi wata magana marar daɗi. Mutanenmu ba sa faɗa maka a ido. Amma damina biyu lokaci ne mai tsawo, kuma zuciyar mutum ba ta zama haka nan. Waɗanda suka ji cigiyar da kunnensu ma sun fara cewa, to ai hukuma ba za ta riƙe mutum haka kawai ba, ƙila akwai abin da ba mu sani ba. Maganar tana dawo mana ta bakin yara da ta bakin masu kawo markaɗe.

Shekara da shekaru, idan liman ya yi tafiya, Baba ake turawa gaba a ƙaramin masallacin unguwarmu. Bayan dawowarsa liman ya tafi asibiti birni. Aka tayar da iƙamar azahar, sahu ya daidaita, Baba yana nan a inda ya saba tsayawa. Sai aka ɗan yi kallon kallo, wani ya taɓa kafaɗar wani, aka tura wani magidanci da Baba ya koya wa alwala. Ƙanena ne ya ba ni labari, yana ba ni yana hawaye. Baba ya bi salla, ya yi sallama, ya shigo gida. Ranar bai ci abinci ba, kuma daga nan a ɗaki ya riƙa salla, ya ce tari ne ke hana shi fita.

Tarin gaskiya ne, a can ya kwaso shi. Mun kai shi asibiti, an ba da magani, amma jikin ya riga ya gama. An yi ruwan shuka, ƙanena ya shuka gero, Baba bai ga tsironsa ba. Kwana biyu kafin ya cika, da hantsi, ina zaune a bakin ƙofa ina dama masa kunu, na ji yana yi wa Inna magana. Ya ce shi ya yafe wa mai bijiman, don neman dukiyarsa yake. Ya yafe wa mutanen gari. Amma wancan mai kwat ɗin, a kai shi gaban alƙali, a kira mai unguwa da maƙwabcinsa su yi magana, a faɗa da baki a cikin kotu cewa bai sata ba.

Ya ce, "Ba don ni ba. Kada a ce wa jikokina jikokin ɓarawon shanu. Ke na bar wa wannan."

Inna ta ce, "Na ɗauka, Malam."

Allah ya jiƙan Baba. Aka kai shi, Inna ta shiga takaba.

Mace irin Inna ba ta wasa da takaba. Ta cire 'yan kunne, ta ajiye kwalli da turare, ta ɗaura wani tsohon zane mai duhu. Muryarta ta yi ƙasa. Ko zaure ba ta leƙawa. Wata huɗu da kwana goma za ta yi a haka, kuma a wurinta wannan shi ne hidima ta ƙarshe da za ta yi wa mijinta, ba za ta bari a samu ko ɗigon aibu a ciki ba.

Ranar sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, na sami Baffa a zaure. Shi ne wan Baba, shi ne babban gidan yanzu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, maganar da Baba ya bari. Ina ganin a fara neman lauya."

Ya ɗago ya dube ni. "Yau kwana bakwai. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, za ki kwashi sunansa ki kai kotu ana jefa shi daga baki zuwa baki?"

Na ce, "Ai shi ya ce a kai."

"Wa ya ce wa? Ke ya ba wasiyyar?"

"Inna ya ba."

"To ita ce mai magana, kuma tana takaba. Ko so kike a ce matar ƙanena ta fita yawon kotu mijinta bai yi arba'in ba? Su samu na biyu ke nan da za su faɗa a kanmu."

Na so in yi gardama, bakina har ya buɗe. Sai ya sassauta murya ya ce, "'Yata, kotun guduwa za ta yi? Ke kin fi kowa saninta. Su da suka riƙe shi damina biyu ba su yi gaggawa ba, mu ne za mu yi gaggawar kwana kaɗan? Ki bari ta fita, a kuma kawar da amfanin gona, sai mu tafi da nutsuwa."

Wannan maganar ce ta kashe min baki, don gaskiya ce tsagwaronta a iya saninmu. Duk abin da kotu ta koya mana shi ne lokaci ba komai ba ne. Wurin da ake ɗage magana wata biyu saboda ba a zuba wa mota mai ba, wa zai yi tunanin yana da agogo? Na shiga na gaya wa Inna yadda muka yi. Ta ce Baffa ya yi daidai, ita ma ba za ta so wani ya je ya faɗi maganar Malam a madadinta ba.

Duk daminar nan ina zuwa duba ta. Ba zaman banza take yi ba, ashe. Tana tsince wake ko tana jan carbi, leɓenta na motsi, na zata addu'a ce kawai. Wata rana ta ce, "Ke, zauna ki ji ko na tsallake wani abu." Sai ta faro daga safiyar da Baba ya je duba gyaɗa. Launin bijiman, wanda ke da karyayyen ƙaho, abin da aka ba su suka ci, wanda ya yi cigiya da waɗanda ke sahun gaba suka ji. Tana shirya abin da za ta faɗa wa alƙali ne. Matar da ko a taron biki ba ta ɗaga murya, ta zauna tana bitar magana kamar mai hadda. Idan ta yi tuntuɓe sai ta koma farko. Takan tambaye ni, "Tsayawa ake yi ko durƙusawa?" "Idan kuka ya zo min, za su jira ni?" Nakan ce za su jira. Ni ma abin da na zata ke nan.

Aka yi marka, gero ya fitar da kai, yara suka gasa tumu. Aka yi girbi. Ana cirar gyaɗa Inna ta cika kwanakinta. Ta yi wanka, 'yan uwa suka kawo sabulu da turmin atamfa, aka dafa abinci aka raba sadaka. Ni na ɗinka mata atamfar da hannuna. Ba a yi mako ba ta ce, "To, sai a tafi."

Wata mata da nake yi wa ɗinki ce ta kwatanta min ofishin wasu lauyoyi a birni da ke taimakon marasa ƙarfi. Baffa ƙafa ta matsa masa, ya ce mu je mu fara ji. Muka hau bas da sassafe, ni da Inna. Wannan ce fitarta ta farko. Ta zauna a jikin taga ta riƙe bakin mayafinta har muka shiga gari.

Lauyar da aka haɗa mu da ita ba ta kai ni shekaru ba. Ta tashi ta ba Inna kujera, ta gaishe ta har ƙasa, ta yi mata gaisuwar rashi. Na ji hankalina ya kwanta. Na ba ta labari a taƙaice, na ce mun zo ne mu kai mai gabatar da ƙara kotu. Tana ji tana rubutu. Sai ta tambaye ni yaushe aka saki Baba. Na ce a bazara, kafin ruwan shuka. Ta daina rubutu.

Ta ce, "Bazarar da ta wuce? Ba ku je wurin wani lauya ba tun lokacin? Ba a shigar da komai ba?"

Na ce a'a. Na ga fuskarta ta canja.

Ta juya wajen Inna, ta yi maganar a hankali, da Hausar da kowa zai gane. Ta ce akwai doka da ke kare ma'aikacin gwamnati. Duk wanda zai kai shi ƙara a kan abin da ya yi, ko abin da ya ƙi yi, a bakin aikinsa, sai ya shigar da ƙarar cikin wata uku. In cutarwa ce mai ci gaba, kamar tsare mutum, ana fara lissafi daga ranar da ta tsaya. Ta Baba ta tsaya ranar da aka buɗe masa ƙofa. In wa'adin ya wuce, lauyoyin gwamnati tashi kawai za su yi su ce lokaci ya ƙure, alƙali ya rufe maganar tun kafin a kira shaida ko ɗaya.

Na ce, "Wata uku? Su sun riƙe shi damina biyu, mu wata uku aka ba mu? Wane irin rashin imani ne wannan?"

Ta ce, "Na sani, Yaya."

"Ba ki sani ba! Takaba take yi. Mijinta ne ya mutu, ba yawo ta tafi ba. A gaya wa alƙali haka mana!"

Ta ce, "Dokar ba ta ware mai takaba ba."

Ta ce akwai wata 'yar kafa. Kariyar ba ta rufe wanda ya fita daga hurumin aikinsa, ko wanda ya yi abu da mugun nufi. Sai ta tambaye ni ko akwai wata gaba tsakanin mutumin da Baba. Rigimar gona, ko wani ya saye shi, ko ya taɓa faɗa a gaban mutane cewa sai ya ga bayansa.

Na yi dariyar takaici na ce, "Gaba? Ko fuskarsa bai sani ba. Ni ya tambaya wanne ne a cikinsu."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "To wannan shi ne wahalar. Sakaci daban, mugun nufi daban. Mai gabatar da ƙara, in dai a cikin aikinsa ne, kama shi da wuya ko da an zo a kan lokaci."

Kai, jama'a. Wato da ya tsani Baba, da muna da hanya. Da yake bai ɗauke shi a bakin komai ba, shi ke nan ya tsira. Na faɗa mata haka, ba ta musa ba.

Ta ce za ta ƙara dubawa, za ta tambayi manyanta, amma ba za ta yi wa uwa ƙarya ba. Rasuwar Baba ma ta ƙara wa maganar nauyi. Ta ce, "Da an zo kafin wa'adi, ban ce za mu yi nasara ba. Amma da akwai ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, da wataƙila an saurari shaidunku." Sannan ta ƙara da abin da na so a ce ta haɗiye shi. Ta ce, "Kuma ba sai Inna ta zo da ƙafarta ba. Ke ko ƙanenki da kun isa a fara."

Na saci kallon Inna. Tana zaune yadda ta zauna tun farko, hannuwanta a kan cinya. Na zata ba ta bi zancen ba. Can sai ta yi gyaran murya.

Ta ce, "'Yar nan, alƙalin ba zai ji ni ba ke nan?"

"Da wuya, Inna."

"Ke kina da sauri?"

Lauyar ta dubi mutanen da ke jira a benci, ta dubi Inna, ta ajiye biro ta ce ba ta da sauri.

Inna ta miƙe tsaye. Na kama zanenta na ce ta zauna, ta ture hannuna. Ta gyara mayafi, ta faro daga safiyar da Malam ya je duba gyaɗa. Ta faɗi komai a jere, yadda ta shirya shi a ɗaki. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta zo wurin masallaci muryarta ta karye, ta tsaya, lauyar ta jira ta. Ni na kifa kaina a gwiwa ina kuka kamar ƙaramar yarinya, ban damu da masu kallo ba. Da ta kai ƙarshe ta ce, "To kin ji. Malam bai sata ba."

Lauyar ta ce, "Na ji, Inna. Na kuma yarda."

Inna ta ce, "Allah ya yi miki albarka," ta nemi takalmanta.

Lauyar ta cika alkawari, ta kira ni bayan wasu makonni. Amsar ba ta canja ba. Da Baffa ya ji yadda aka yi, sai ya ce shi bai taɓa jin inda haƙƙin mutum ke ruɓewa kamar tumatir ba. Ya tsufa sosai a shekarar. Wani lokaci in na tuna maganarsa ta zaure raina yakan ɓaci, amma ba na iya riƙe shi da ita. Mutuncin ƙanensa yake karewa, da iya abin da ya sani.

Abin da ya fi tsaya min shi ne dawowarmu a ranar. Bas ta fita daga birni, muka wuce gonaki an kafa buka-bukan kara, mata na tsintar gyaɗa a inda aka cire. Inna tana kallon waje. Mun yi nisa sosai kafin ta yi magana, ba ta kuma juyo ba.

Ta ce, "Ke, wata ukun nan da ta faɗa, yaushe suka cika?"

Na so in ce ban sani ba. Amma Inna ba a yi mata haka. Na lissafa a zuciyata na ce, "Wajen lokacin da aka fara cin tumu."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ina ɗaki."

"Kina ɗaki, Inna."

"Lafiyata ƙalau. Ƙafata ƙalau. Ga mota tana wucewa kullum."

Na ce, "Inna, ba wanda ya sani. Umarnin Allah kika bi."

Yaron mota ya fara kiran masu sauka. Sai ta share ido da bakin sabon mayafinta, ta ce, "Ni duk zaman nan na zata Malam nake yi wa. Ashe su mai kwat na zauna wa."